Pulin Ƙasa Yana Rawa: A Sauke Inji Ko A Fara Aunawa?

"Assalamu alaikum. Motata Toyota Corolla ce ta 2006, mai inji 1.8. Kwanakin nan idan na buɗe bonet inji na silo, sai in ga babban pulin nan na ƙasa yana rawa, bel ɗin ma yana kaɗawa. Da safe akwai wata ƙara ciu-ciu da take fitowa daga wajen. Bel biyu na sauya cikin wata huɗu, duka gefensu ya zazzage. Wani makanike ya ce kiranshaf ne ya lanƙwashe, sai an sauke inji. Wani kuma ya ce a yi wa pulin walda, shi ke nan. Wanne zan bi?" Daga wani mai karatu a Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Alamu uku ka kawo: puli mai rawa, ƙarar safe, da bel mai cin gefe. Ukun nan suna nuna cewa wani abu a layin bel ɗin ba ya juyawa a saiti, amma ba su faɗi ko mene ne ba. Rawar da ido ke gani tana iya fitowa daga jikin pulin, ko daga yadda aka ɗaure shi, ko daga boris, ko daga sandar da yake zaune a kai, wato kiranshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Lanƙwashewar kiranshaf ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma ita ce mafi ƙarancin faruwa. Wanda ya yanke hukuncin sauke inji bai cire bel ba, bai kuma auna komai ba, ya yi gaggawa. Binciken da zan bayyana ba zai ci awa biyu ba.

Yadda babban pulin yake

Injin motarka shi ne 1ZZ-FE. Bel guda ne ke zagaye komai: altaneta, famfon ruwa, famfon sitiyari, kwamfuresar esi, da pulin ajasta mai riƙe masa tauri. Bel ɗin mai layi shida ne, shi ya sa za ka ga an rubuta 6PK a bayansa, lambar da ke biye kuma tsawonsa ce a milimita. Tsakanin layi da layi milimita 3.56 ne kacal. Da wannan ɗan tazarar za ka gane dalilin da ya sa puli mai kaucewa da milimita ɗaya ko biyu ya isa ya sa gefen bel ya riƙa hawa bakin ƙarfe yana zarewa.

Babban pulin na ƙasa ba ƙarfe guda ba ne, duk da cewa haka yake ga mai kallo daga sama. Abu uku ne. Akwai cibiya, wadda ke zaune a hancin kiranshaf, noti ɗaya babba ya matse ta, wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira ki kuma ya hana ta zamewa. Akwai zobe na waje mai nauyi, wanda bel ke bi ta kansa. Tsakaninsu akwai siririn roba da aka matse da ƙarfi. Duk lokacin da fistin ya buga, kiranshaf yana ɗan murɗewa ya dawo, murɗewar da ido ba zai gani ba. Robar nan da nauyin zoben su ne ke shanye wannan girgizar. Zafi yana busar da robar, shekaru suna tsattsaga ta, baƙin mai mai yoyo daga sil ɗin gaban inji (robar da ke tare mai) kuma yana kumbura ta har ta yi laushi. Da zarar ta saki, zoben sai ya karkace, ko ya zame gaba ko baya, ko ya riƙa juyawa dabam da cibiyar. A mota ta 2006 da ta sha zafin rana da ƙurar hunturu, nan ne wuri na farko da nake zargi.

A fara da kallo, amma a san inda za a kalla

Kafin komai, ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun riga, carbi ya koma aljihu. Bel ba ya jiran kowa, fankar lagireto kuma tana iya tashi da kanta ba zato. A ɗaga motar, a sa mata abin tokare mai ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai, a cire tayar gaba ta dama da robar da ke bayanta. Daga nan pulin zai fito fili.

A tayar da inji a bar shi a silo, a haska tocila. Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon fuskar pulin. Fuskar tana da tabon tsatsa, ramukan da aka huda don daidaita nauyi, da roba da ba ta fito daidai ko'ina ba, duk waɗannan suna yaudarar ido ya ga rawa inda babu. Wurin kallo shi ne bakin zoben, inda bel yake kwance, sannan kan babban notin da ke tsakiya. A silo inji yana juyi kusan goma sha biyu a daƙiƙa, ido ba ya iya bi. Ka ɗauki bidiyo da waya a tsarin da ke rage gudu, ka dafa wayar a jikin mota don kada hannu ya ƙara nasa rawar.

Abin da bidiyon zai nuna yana da fassara. Idan kan notin da cibiyar suna tsaye cak amma zoben yana lilo, roba ce ta mutu. Idan cibiya da zobe suna rawa tare, sai a nemi matsalar a noti, ko ki, ko zaman pulin, ko hancin kiranshaf. Idan kuma injin ne gaba ɗaya ke girgiza, puli da komai suna tafiya tare, to a duba robobin da injin ke zaune a kai, a duba fulogi da kwayil. Inji mai tsallake wuta yana sa bel ya yi ta kaɗawa, hannun ajasta ya yi ta tsalle, alhali duk pulin lafiyarsu lau.

Ƙarar safen ma tana da gwajinta. Inji na silo, a fesa ɗan ruwa a ɓangaren bel mai layi-layi. Idan ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo da ruwan ya bushe, saiti ne ya kauce. Idan ta ƙaru ta zama ihu, bel ne ke santsi saboda rashin tauri. Idan ba ta sauya ba ko kaɗan, a nemi boris. Ruwa zalla za a fesa. Sabulu, kyandir, giris ko man birki da wasu ke shafawa suna rufe ƙarar na kwana ɗaya ko biyu, sannan su lalata bel ɗin.

Cire bel, a taɓa kowane puli da hannu

A kashe mota, a zare makulli, a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya kafin a taɓa shi. A jikin ajastar 1ZZ akwai wani kan ƙarfe mai lamba 19 da aka yi don sassautawa. A sa doguwar sifana a danna a hankali, domin ajastar tana da ɗan shokabzoba mai mai a ciki, ba ta son fizga, kuma kan ƙarfen yana iya karyewa idan aka yi masa da ƙarfi.

Bel ɗin da kansa shaida ne, kada a jefar. Wane gefe ya cinye, na wajen inji ko na wajen taya? Wannan yana nuna inda pulin ya kauce. Idan akwai baƙin mai a jikinsa, a nemo daga ina yake.

Sai a bi pulin ɗaya bayan ɗaya. A juya da hannu, a saurara, sannan a kama sama da ƙasa a jijjiga. Pulin ajasta mai lafiya yana juyawa shiru da ɗan nauyi, ya tsaya da wuri. Wanda ke gudu fyu ba tsayawa, yana shuu, giris ɗinsa ya ƙare. Wanda ke gurzawa kamar da yashi a ciki ya gama aiki. A duba hannun ajastar ma, domin idan bushin da yake juyawa a kai ya cinye, pulin yana kwantawa gefe guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya ci gefen bel. Pulin famfon ruwa bai kamata ya yi girgiɗi ba sam. Idan yana motsi, ko ka ga busasshen tabon ruwan lagireto a ƙarƙashinsa, famfon za a sauya gaba ɗaya. Altaneta tana gudu ninki biyu zuwa uku na gudun inji, shi ya sa ƙaramar lanƙwasa a pulinta take fitowa da ƙara sosai. A kwamfuresar esi, pulin yana da boris nasa dabam wanda ke juyawa ko an kunna esi ko ba a kunna ba, a juya shi a ji. Sandar famfon sitiyari takan ɗan motsa ciki da waje, wannan ba laifi ba ne, motsin gefe da gefe ne abin damuwa. A ƙarshe a sa sifana a kan notukan da ke riƙe altaneta da kwamfuresa. Noti ɗaya da ya ɓace a ƙasan kwamfuresa yana karkatar da ita, kuma ana yawan samun haka bayan an yi aikin esi.

Bel na cire, inji da sanyi, ana iya tayar da shi na rabin minti a kalli babban pulin shi kaɗai. Fitilar batir za ta kama, ba komai. Kada a wuce haka, domin famfon ruwa ba ya juyawa. Idan ƙarar ta ɓace kuma pulin yana juyawa sumul, matsalar tana sama ne, a sauran pulin. Idan har yanzu yana rawa, an kama mai laifi.

Awo

A nan ne ake raba gardama. Da farko a ja layi da farin fenti ko alli daga cibiya, ya ratsa roba, ya hau zobe. A mayar da bel, a tayar da mota, a kunna esi da fitilu, a juya sitiyari, a ɗan taka totur. A kashe a duba. Idan layin ya rabu biyu, zoben yana zamewa a kan cibiya, babu sauran magana. A kuma haska robar zagaye: tsagewa mai zurfi, wurin da ta ɓullo waje, wurin da ta ɓace. A leƙa bayan pulin. Idan zoben ya zame ciki, zai bar sheƙi a murfin alminiyam na gaban inji inda yake gogawa.

Sannan a auna rawar. Mai agogon awo mai allura zai dafa bakinsa a gefen zoben, kusa da layin bel, ya juya inji da hannu ta babban notin, ta ɓangaren da hannun agogon bango ke juyawa. Cire fulogi yana sauƙaƙa juyin. Wanda ba shi da agogon sai ya ɗaure waya mai tauri a jikin inji, ya lanƙwasa bakinta har ya kusa taɓa zoben, ya juya a hankali. Inda wayar ta taɓa a sa alama, inda ta fi nisa a zura fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, a karanta. A yi awo biyu: na gefe, wanda ke nuna lilo ciki da waje, da na saman zoben, wanda ke nuna ko yana juyawa a kan tsakiyarsa. A wurina, abin da ya wuce rabin milimita a bakin zobe ya zama matsala. A maimaita awon a kan cibiyar. Zobe mai rawa a kan cibiya mai saiti, puli kawai za a saya.

Idan cibiyar ma tana rawa, sai a gwada babban notin. Notin da ya taɓa kwancewa yana barin alama: jar ƙurar tsatsa a kewayen wosha. A cire pulin a duba ki da ramin da yake zama. Noti sako-sako yana barin pulin ya yi ta bugun ki har ramin ya faɗaɗa, cikin cibiyar ya zama kamar ƙwai. A duba bayan cibiyar ko akwai datti, tsatsa ko busasshen gam da ya hana ta zama daram. Bayan an goge hancin kiranshaf tas, sai a ɗora agogon a kansa kai tsaye. A kan lafiyayyen kiranshaf da ƙyar allurar za ta motsa. Wannan awon ne kaɗai ke ba makanike ikon cewa kiranshaf ya lanƙwashe. Yawanci kuma hakan yana da tarihi: karo ta gefen dama, dutse ko tudun hanya da ya daki pulin, inji da ya faɗo wajen saukewa, ko wani ya sa jak a ƙarƙashin pulin ya ɗaga inji da shi.

Akwai motsi na uku da ake rikitawa da rawa, wato kiranshaf ɗin gaba ɗaya yana shiga yana fita. A sa ƙarfe a tura pulin ciki a hankali, a jawo shi waje, ana karanta agogo. A wannan injin, Toyota ta yarda da motsin 0.04 zuwa 0.24 na milimita, iyaka 0.30. A mota mai giyar hannu, wani ya taka kuloci kai kana kallo. Idan ka ga pulin ya motso da ido ƙuru-ƙuru, woshoshin da ke tare kiranshaf a ciki sun cinye. Wannan aikin cikin inji ne, kuma ba a jinkirta shi.

Maganar walda

Kada a yi. Walda tana haɗe zobe da cibiya su zama ƙarfe guda, aikin robar ya ƙare ke nan. Girgizar da take shanyewa za ta koma kan kiranshaf, da metal ɗin da yake juyawa a kai, da cen ɗin taimin, kuma a kan lokaci tana iya tsaga kiranshaf ɗin. Ban da haka, mai walda ba shi da hanyar daidaita zoben a tsakiya, sau da yawa a karkace yake kama shi, ga nauyin waldar da ya taru gefe guda. Mota za ta tashi, ƙarar ma tana iya raguwa, shi ya sa dabarar ta samu karɓuwa. Amma kuɗin puli aka tsere wa aka jefa inji cikin haɗari.

Wajen sayen wani, sabo na asali ya fi. Idan na Beljiyam za ka nema a Ƙofar Ruwa, ka tuna robarsa ma ta tsufa. Ka je da tsohon, a kifa su a kan tebur gefe da gefe, a gwada faɗi, yawan layi, da nisan layin farko daga bayan cibiya. Puli mai kama da naka amma na wani inji yana iya shiga daram, sai dai layinsa ya kauce da milimita biyu ko uku, bel na uku ma ya bi sahun na baya. A danna robar da farce, a ƙi wadda ta tsattsage ko ta jiƙe da mai. A shafa wuyan cibiyar inda sil ke kamawa. Idan sil ya yi masa rami, sabon sil ma zai yi yoyo.

Wajen cirewa da ɗaurawa ne ake haifar da rabin matsalolin da nake gani a gareji. Cibiyar tana da ramukan noti biyu, ta nan ake ɗaura ƙarfen riƙewa, ta nan kuma ake sa abin jawowa. Abin jawowa mai farata da ke kama bakin zobe yana yage robar, ko da sabuwa ce. Guduma tana lanƙwasa puli, bugun kuma yana sauka a kan woshoshin nan na ciki. Dabarar tokare sifana a buga kik don kwance noti tana karya kaya, tana kuma raunata mutane. Tunda an buɗe, a sauya sil ɗin gaban idan yana ko da gumi ne. A daidaita ramin cibiya da ki, a tura da hannu har ta zauna. Notin 1ZZ-FE ana ɗaure shi a 138 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) da sifana mai awo. Ɗaurin "ya ji" da bututu ba awo ba ne. Kowane inji da nasa: Honda Accord ta 1998 zuwa 2002 mai silinda huɗu tana son 245 Nm, wasu injinan kuma notinsu sau ɗaya ake amfani da shi. Masu Ford Focus da Mazda 6 mai injin 2.0 ko 2.3 su kula sosai, domin a da yawa daga cikinsu pulin ba shi da ki, matsin notin ne ke riƙe taimin. Wanda ya kwance shi bai kulle inji da kayan kullewa ba, taimin ya tafi, bawul na iya haɗuwa da fistin.

Bayan an ɗaura, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban pulin zuwa na kwamfuresa da na altaneta a ga ko layinsu ɗaya. A lura kaurin bakin puli ya bambanta, don haka layin bel ake gwadawa, ba bakin waje kawai ba. A goge duk layukan da buroshi, domin tsakuwa ko ɓarɓashin tsohon bel da ya maƙale yana ɗaga sabo. A sa sabon bel, a bi kowane puli da yatsa a tabbatar layi shidan sun zauna, musamman a kwamfuresa da ke ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A tayar, a kalli hannun ajasta: ɗan motsi kaɗan daidai ne, tsalle ba daidai ba ne. Idan ajastar ta asali ce tun daga kamfani, ni zan sauya ta tare, domin wata huɗu tana fama da puli mai rawa.

Daga nesa, bayaninka ya fi karkata ga mutuwar roba, sai ajasta a bayanta, amma awo ne zai tabbatar, ba hasashena ba. Kafin a gyara, ka taƙaita zirga-zirga, kada ka hau doguwar hanya. Idan layin fentin nan ya rabu, ko zoben ya fara gogar murfin inji, motar ta tsaya har a sauya. Idan kuwa bel ya fita kana tafiya, za ka ga fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi nan take. Ka sauka gefen hanya ka kashe inji a lokacin, domin famfon ruwa ya tsaya, kuma 'yan mintuna kaɗan sun isa zafi ya ƙona gasket.